Yadda ake zaɓar sitabilaizar baya da ɗaura ta a motar gudu

Kafin ka taɓa aljihu, fara gano ciwon motar. Sitabilaiza, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ya haɗa tayar hagu da ta dama, aikinta rage kwanciyar mota a kwana. Sai dai duk taurin da ka ƙara mata a baya, riƙon titi ne ka ɗebo daga tayoyin baya ka ba na gaba.

Don haka shiga kwana ka ji abin da motar ke yi. Ka murɗa sitiyari amma ta ƙi bi, tana neman miƙewa? Wannan ce ke son mai tauri a baya, kuma an fi ganin haka a motocin da tayoyin gaba ke ja, irin Golf GTI. Idan kuwa tayoyin baya ke turawa, kamar Mazda MX-5 ko Toyota GR86, bi a hankali. Tauri ya yi yawa, tayar cikin kwana ta yi sakayau, kana taka totur sai bayan motar ya zame. A irin waɗannan gara a sauya gaba da baya tare.

Sai awo. Shiga ƙarƙashi da kalifa, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ka auna kaurin wadda ke jiki, kada ka yarda da ido. A nan mutane ke ruɗuwa, domin milimita biyu ba komai ba ce a gani, amma taurin ƙarfen yana bin kauri ne a ninka shi a kansa har sau huɗu. Daga milimita 20 zuwa 22, tauri ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin ɗari. Daga 19 zuwa 22 kuwa, kusan kashi 80. Sitabilaiza mai rami a ciki ta fi sauƙin nauyi, amma ba ta kai cikakkiya tauri ba idan kaurinsu ɗaya, saboda haka duba kaurin bangonta.

Ni dai na fi son mai huji biyu ko uku a kowane hannunta, wato gefen da ya lanƙwaso zuwa taya, irin waɗanda kamfanonin Whiteline da Eibach ke yi. Hujin ƙarshen hannu shi ne mai laushi, na ciki ya gajarta hannun ya ƙara tauri. Ƙarfe ɗaya, zaɓi biyu ko uku.

Wajen ɗaurawa, ɗaga bayan motar duka gefe biyu ka ɗora a kan tsayayyun matokara, jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne. Ɗauki hoton yadda tsohuwar ta kwanta, don ana iya sa sabuwa a kife. Kwance linkej, wato ɗan sandan da ke ɗaure a hujin hannunta, kwance maƙallan bushin, wato robar da ke riƙe ta a jikin mota, zare ta. Duba inda maƙallan ke zama ko akwai tsaga ko tsatsa, tunda yanzu za su sha wahala fiye da da. Bushin foliyuretan, wato roba mai tauri, yana son giris na silikon a cikinsa sosai, in ba haka ba kukansa zai ishe ka. Ɗaura noti sama-sama, sauke motar ta zauna a kan tayoyinta a wuri mai daidai, sannan ka tamke da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Idan an taɓa rage wa motar tsayi, nemi linkej mai daidaitawa, ya shiga hujinsa ba tare da an danne ƙarfen ba.

Fara da huji mai laushi. Gwaji kuma a filin tsere ko fili rufaffe ake yi, ba a titin jama'a ba. Shiga kwana da matsakaicin gudu, saki totur a tsakiya, ka ji yadda baya ke juyowa. Ya juyo a hankali, madalla. Ya fizge, kada ka matsa zuwa huji mai tauri, don ranar ruwan sama abin zai fi haka muni. Kada ka taɓa iskar taya ko shokanzoba a rana ɗaya da wannan gwaji, kuma bayan tafiyar 'yan kwanaki koma ka sake bin notunan.