Yadda za ka gane ɗan sanda ya wuce gona da iri, da matakin da za ka ɗauka

Masu kawo mana ƙorafi a kan 'yan sanda kusan duk da magana ɗaya suke farawa: "Lauya, dukana suka yi." Ni kuma tambayata ɗaya ce: a wane lokaci? Kana kokawa da su ne, ko bayan ka miƙa hannu an sa maka ankwa? A kan amsar nan shari'ar take tsayawa.

Doka ba ta hana ɗan sanda amfani da ƙarfi ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi dama wajen kare rai ko dukiya, da kama wanda ake zargi ko hana tsararre tserewa, da kwantar da tarzoma. Amma da sharaɗi: ƙarfin ya tsaya iya inda ya zama dole. To ka auna da kanka. Wanda ya zaro wuƙa daban, wanda ya ce "me na yi?" daban. Gardama da baki ba ta halatta gindin bindiga. Da zarar mutum ya kwanta ƙasa ko ya shiga mota, duk marin da ya biyo baya ba na kamu ba ne, na huce haushi ne.

Ankwar ma ba a sa ta haka kawai. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 5, ta ce sai in ana tsoron mutum zai kai hari ko zai gudu, ko don kare lafiyarsa, ko da umarnin kotu. Dattijon da ya bi su salin-alin aka ɗaure shi a gaban iyalinsa yana da abin faɗa.

Duka a bayan kanta don ka amsa laifi kuwa, wannan ba ya buƙatar awo. Azabtarwa ce. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta ta, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, kuma "oga ne ya sa ni" ba hujja ba ce.

In abin ya same ka, kada ka rama. Ramuwa tana ba su abin rubutawa a takardar tuhuma. Ka riƙe sunan da ke ƙirjin kakinsa, da lambar motar, da caji ofis ɗin, da lokaci. Kana fita ka wuce asibitin gwamnati a ranar, tun shatar kulki ba ta baje ba, ka nemi rahoton likita a rubuce. A ɗauki hoton raunin da rana, fuskarka na ciki. Rigar da ta yage ko ta yi jini kada a wanke ta. Matan gida sukan yi saurin jiƙa ta don tausayi, hujja ta bi ruwa. Ka karɓi lambar mai shayi ko ɗan acaɓan da ya gani tun yau, domin bayan mako guda kowa zai ce ba ya wurin.

Daga nan sai ƙorafi a rubuce: ga kwamishinan 'yan sandan jiha, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In diyya kake nema, sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya buɗe maka ƙofar babbar kotu, kuma ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara ba su sa wa'adi ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharsa.

Za a turo manya su ce a bar wa Allah. Kai ke da zaɓi, amma kada ka sa hannu a takardar janye ƙorafi sai lauya ya karanta ta.