Dabarar gane tsofaffin takardun sharif na Ingila

Masu karatun lauya, ku daina haddace sunayen takardun umarnin da ake rubuta wa sharif (sheriff, wato jami'in sarkin Ingila) ɗaya bayan ɗaya. Da kun ga suna, ku tambayi kanku: me aka umarci sharif ya yi? Ya kamo mutum, ya kwashe kaya, ko ya kirawo jama'a?

Dalili kuwa, a tsohuwar Ingila sharif ne wakilin sarki a gunduma, kuma da Latin ake rubuta masa umarni. Galibi daga kalmomin umarnin ake ciro sunan takardar. Capias, a kamo mutum. Venire facias, a tara masu taya alƙali yanke hukunci. Fieri facias, a kwashe kayan wanda ake bi bashi a sayar a biya. Wannan ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau, don kotunan Najeriya na amfani da ita har yau.

Amma dabarar ba ta ci a kan takardar elegit ta dokar shekarar 1285. Sunanta na nuni ne ga zaɓin mai bin bashi, na karɓar rabin filin wanda yake bi. Haka nan in takardar daga Sikotilan ta fito, ku yi hattara, sharif ɗinsu alƙali ne.