Yadda za ka karanta bincike a kan TSPO, riseftar diazepam ɗin da ba ruwanta da barci

Idan kana karatun harhaɗa magunguna ko likitanci ka ci karo da takarda tana maganar riseftar benzodiazepine, wato furotin ɗin da magunguna dangin diazepam ke kamawa, a ƙoda ko a zuciya, abu na farko ka tsaya ka duba wacce ake nufi, don guda biyu ne kuma ba dangin iya ba na baba. Wadda kowa ya sani tana jikin GABA-A, wato riseftar GABA, sinadarin da ke kwantar da aikin jijiya, a ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, nan ne diazepam yake kamawa ya ƙara wa GABA ƙarfi, kuloraid ya shiga, mutum ya natsu ko barci ya ɗauke shi. Ɗayar kuwa a 1977 Braestrup da Squires suka lura diazepam yana maƙalewa a ƙodar ɓera, wurin da ba a yi tsammani ba, shi ne aka riƙa kiranta PBR (peripheral benzodiazepine receptor) har 2006 da aka mayar da sunan TSPO (translocator protein). To tsohuwar takarda za ta ce PBR, sabuwa ta ce TSPO, abu ɗaya ne, in kana lalube a intanet ka saka duka biyun.

Na biyu ka haddace inda take zaune. Ƙaramin furotin ne mai amino asid 169, nauyinsa 18 kDa, yana ratsa fatar waje ta mitokondiriya, wato ɓangaren ƙwayar halitta da ke samar mata da makamashi, sau 5. Ya fi yawa a inda ake haɗa homon ɗin siteroid, wato glandar adirenal da ke saman ƙoda, ƙwayoyin Leydig na maraina, da ma'ajiyar ƙwan mace, sannan akwai shi a ƙoda da zuciya da huhu da ƙwayoyin garkuwar jiki. A lafiyayyiyar ƙwaƙwalwa kaɗan ne, amma da zarar an samu rauni ko kumburi sai ya ƙaru a maikurogiliya da astirosait, su kuma ba ƙwayoyin jijiya ba ne, masu hidimarsu ne.

Daga nan ka gangara sashen da suka faɗi yadda suka yi aikin ka duba wane sinadari suka saka, nan ne asirin takardar yake. Diazepam yana kama duka biyun saboda haka shi kaɗai ba ya raba gardama. Clonazepam na GABA-A ne, da ƙyar yake kula TSPO, flumazenil ma haka. Ro5-4864 kuwa diazepam ne aka ƙara masa kulorin guda ɗaya sai ya koma ɓangaren TSPO, shi kuma PK11195 ba ma benzodiazepine ba ne amma shi ne ma'aunin da aka fi dogara da shi tun shekarun 1980. Amma fa ka duba yawan da suka zuba! PK11195 yana kama TSPO a nanomola kaɗan, in ka ga an zuba maikuromola da yawa (maikuromola ɗaya nanomola dubu ne) sannan aka ga ƙwayoyin sun mutu ko sun canza, to wannan adadin ya ninka abin da ake buƙata sau ɗaruruwa ko dubbai, yana iya taɓa wasu abubuwan daban, ni dai ba na yarda in an ɗora wa TSPO laifin kai tsaye.

Yanzu ga inda rigimar take. Shekaru da yawa bayanin da ake koyarwa shi ne TSPO ke shigar da kolestirol cikin mitokondiriya, enzayim ɗin CYP11A1 ya mayar da shi pregnenolone, daga nan sauran homon su fito, kotisol ne, testosteron ne, duka. Kuma akwai dalili, furotin ɗin yana da gurbin kama kolestirol a jelarsa, Vassilios Papadopoulos da mutanensa sun yi aiki sosai a kai, har aka ɗauka ɓeran da ba shi da TSPO ba zai rayu ba. Sai a 2014 ɗakin binciken Vimal Selvaraj a jami'ar Cornell ta Amurka, da na Richard Banati a Ostareliya, suka cire ƙwayar gadon (gene) da ke samar da TSPO gaba ɗaya a ɓeraye, ɓerayen suka rayu suka hayayyafa, homon ɗinsu kuma lafiya lau. A wannan shekarar ma aka nuna wani rami na mitokondiriya da ke buɗewa lokacin mutuwar ƙwayar halitta, wanda a da ake danganta shi da TSPO, yana aikinsa ko babu TSPO. Ɓangaren farko bai saduda ba, sun kawo sakamakon da ke nuna bambanci in an matsa wa dabbar. Saboda haka duk takardar da ta ce "TSPO wajibi ne wajen haɗa siteroid" ka duba shekararta, in kafin 2014 ce ka karanta da taka tsantsan, in bayan nan ce ka duba ko ta ambaci ɓerayen nan, in ta yi gum a kansu to da walakin. Wani furotin daban mai suna StAR dai shi ne ba a musu a kansa wajen shigar da kolestirol.

Sai hoton PET, wanda ake ɗauka bayan an yi wa mutum allurar sinadari mai fitar da radiyeshin, inda aka fi cin moriyar TSPO a yau, ana auna kumburin ƙwaƙwalwa da shi a cututtuka irin su Alzheimer da multiple sclerosis. Tsohon sinadarin shi ne PK11195 mai kabon-11, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin kamar minti 20, dole injin haɗa shi ya kasance kusa, kuma hoton ba ya fita tas. Sababbi irin su PBR28 da DPA-714 sun fi kyau amma sun zo da tasu matsalar, akwai bambancin gado da ake kira rs6971, amino asid ɗin alanin ya koma tireonin a gurbi na 147 na TSPO, sai mutane suka kasu uku, masu kamawa sosai, matsakaita, da waɗanda kusan ba sa kamawa. In binciken bai gwada jinin mutanen ya raba su ba, to bambancin da suka gani tsakanin marasa lafiya da masu lafiya yana iya zama na gado ne kawai.

Kuma ko hoton ya yi haske kar ka yi saurin cewa maikurogiliya sun "tashi". A ɓera ƙwayar tana ƙara TSPO in an zuga ta, a mutum kuwa binciken baya-bayan nan ya fi nuna yawan ƙwayoyin ne ya ƙaru a wurin, ga astirosait da bangon jijiyoyin jini su ma suna ba da nasu hasken. Don haka kullum ka duba a ɓera aka yi ko a mutum kafin ka kwafi jimlar zuwa naka rubutun.