Yadda za a rage cunkoso a sashen emajensi na asibiti

Da farko dai a daina ɗauka wai matsalar a ƙofar shiga take, yawanci a wajen fita take. Likita ya gama duba mutum ya ce a ba shi gado, amma wod a cike maƙil, sai ka ga bawan Allah ya kwana a baranda da ledar ruwa rataye a kansa, na bayansa kuma yana kan benci yana nishi. Saboda haka in gwamnati za ta zuba kuɗi, ta fara da ƙarin gadaje da nas-nas, don gini ba ma'aikata kango ne kawai. Gadaje in suka wuce kashi 85 cikin 100 a cike, an fara shiga rububi.

Sallama kuma a riƙa yin ta da safe, har Asabar da Lahadi, a haɗa takarda da magani tun daren jiya.

A sa gogaggiyar nas a ƙofa tana tantancewa. Tsarin Manchester, wanda ke raba marasa lafiya bisa tsananin ciwonsu, launi 5 ne, ja a gan shi nan take, shuɗi zai iya jira har awa 4, ba wai wanda ya riga zuwa ake fara gani ba.

Sai asibitocin yanki, nan ne ni a ganina aka fi sakaci. A ba su lab, injin hoto, bankin jini da likitan tiyata mai kwana a wurin, a haɗa su da manyan likitoci ta bidiyo, in ba haka ba ko karaya sai an turo babban asibiti.