Yadda Sabon Shiga Zai Hau Dutsen Tubkal na Maroko

Dutsen Tubkal, mai tsayin mita 4,167, shi ne mafi tsawo a Arewacin Afirka, amma daga watan Yuni zuwa Satumba ba ya buƙatar igiya ko wata ƙwarewa, sai ƙafa mai juriya da haƙuri. Galibi ana gama shi cikin kwana biyu, sai dai a ganina gara sabon shiga ya ware uku.

Tafiyar tana farawa daga ƙauyen Imlil, wanda ke da nisan kimanin awa ɗaya da rabi a mota daga birnin Marrakesh. A nan ake ɗaukar ɗan jagora mai lasisi, domin hukuma ta wajabta hakan, kuma a nan ake hayar alfadarin da zai ɗauki kaya. Yana da kyau a kwana a ƙauyen kafin a kama hanya, saboda jiki ya fara sabawa da tudu.

A rana ta farko ana tafiyar awa biyar zuwa shida, a wuce ɗan ƙauyen Sidi Shamharush, inda wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti yake, har a isa masaukin da ke kusan mita 3,200. Daga nan ne iskar shaƙa take raguwa sosai, kuma ita ce ke kayar da yawancin masu hawa, har da ƙarfafan samari masu gaggawa. A riƙa taku a hankali yadda mutum zai iya magana ba tare da haki ba, a sha ruwa a kai a kai ko da babu ƙishi. Ɗan ciwon kai ba abin tsoro ba ne, amma idan ya tsananta, ya haɗu da amai ko jiri ko tangaɗi, to a sanar da ɗan jagora a sauko nan take.

A rana ta biyu ana tashi daga masaukin kafin asuba da fitila a goshi, da rigar sanyi mai kauri da safar hannu, domin sanyin wurin ya fi na hunturu nesa ba kusa ba. Bayan awa uku zuwa huɗu a kan tsakuwa mai zamewa, za a ga wani ƙarfe mai siffar dala da aka kafa a ƙololuwa. Saukowa ta fi wahalar da gwiwa, kuma a lokacin ne aka fi zamewa, don haka a tanadi sanda da takalmi mai kama idon sawu, wanda aka riga aka saba da shi tun a gida.