Yadda Za a Ɗauki Ma'aikatan Lafiya Kuma a Riƙe Su

Shugaban asibitin da ke fama da ƙarancin ma'aikata yakan garzaya tallan guraben aiki, alhali abin da ya kamata ya fara yi shi ne gano dalilin tafiyar waɗanda yake da su. Ɗaukar sababbi tsofaffi na ficewa ɗiban ruwa ne da kwando. Ga shi ma'aikatan sun yi wuya ko'ina: hasashen Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna giɓinsu a duniya ba zai gaza miliyan 10 ba zuwa 2030.

A fara da lissafi. A raba yawan waɗanda suka bar aiki cikin shekara da matsakaicin yawan ma'aikata, a ninka da 100. In 12 suka tafi cikin 60, kashi 20 ke nan. A yi lissafin sashe-sashe, domin jimillar asibiti kan ɓoye sashe guda da kowa ke gudu, kuma sau da yawa in an bincika, halin shugaban sashen ne ke korar mutane.

Sai lissafin da aka fi yin kuskure a kansa. Gurbi ɗaya da ake tsarewa dare da rana awa 168 ne a mako. Ma'aikacin jinya mai awa 40 na nufin ana buƙatar mutum 4.2, kafin a sa hutun shekara, hutun haihuwa, rashin lafiya da zuwa kwas. Da waɗannan, ya kai mutum biyar ko ya ɗan haura. Duk wanda ya ware uku don duti uku ne a rana, shi da kansa ya haifar da ƙarancin. Wanda ya gama dutin dare za a roƙa ya zarce na safe, cikin 'yan watanni ya gaji ya ajiye aiki, nauyinsa ya koma kan sauran. Binciken Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania a 2002 ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya na ƙara haɗarin mutuwar majinyatan da aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7.

Jadawalin duti ya fito aƙalla mako huɗu kafin lokaci. Kada dutin dare ya wuce uku a jere, a bar awa 11 tsakanin tashi da komawa, a kuma ƙyale mutane su yi musanya tsakaninsu ba sai da doguwar takarda ba.

Wajen ɗauka, sauri ne makami. Ƙwararre ba ya zaman jiran wata uku. Kafin takardar ɗaukar aikin ta fito wani ya ɗauke shi. A tantance lasisinsa kai tsaye daga hukumar da ta ba shi, a faɗa masa gaskiyar yawan aikin tun a ganawa. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki su ne mafi sauƙin samu, don sun riga sun san wurin. In asibitin na karkara ne, a fifita wanda ya tashi a karkara. Shi ya fi zama, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fifita 'yan karkara wajen ɗaukar ɗaliban aikin lafiya. A shekarar ce kuma aka amince da ƙa'idar ɗaukar ma'aikata daga ƙetare, mai jan kunne kan kwashe na ƙasashen da su ma ba su wadata ba.

Wata ukun farko na da hatsari. A haɗa sabon da gogagge su riƙa duti tare, a rage wa gogaggen majinyata, in ba haka ba koyarwar za ta zame masa hukunci. A zauna da sabon a kwana na 30, na 60 da na 90, a tambaye shi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, a gyara ko guda ɗaya ne yana gani.

Albashi da alawus su fito kan kari. Ƙa'idar ƙarin girma ta zama a rubuce. Cike fom, tura gado da kai samfuri ɗakin gwaji a miƙa wa mataimaka.

Mai tafiya kuwa, wani dabam ya gana da shi, ba shugabansa ba, a rubuta dalilinsa, a tara dalilan a duba su duk wata uku.