Kurakuran Sababbin Masu Binciken Gini da Girgizar Ƙasa

Kowace shekara ɗaliban injiniyancin gini daga Birnin Kebbi, Argungu da Zuru suna kawo mini kundin bincikensu na digiri na biyu, kuma kurakuran da nake ja wa layi da jan biro ba sa canjawa, sunayen masu su kawai ke canjawa.

Wasu suna buɗe kundin da cewa ƙasa ba ta girgiza a Nijeriya, wasu kuma suna rubutu kamar a Japan muke. Duka biyun ganganci ne. Ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, ta motsa a Kwoi ta Kaduna a 2016, sannan a Mpape ta Abuja a 2018, kuma akwai cibiya a Toro ta jihar Bauchi da ke bibiyar wannan motsi. Haɗarin ƙarami ne, amma yana nan.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne miƙa wuya ga kwamfuta. Ɗalibi zai zana bene mai hawa ashirin a ETABS, manhajar lissafin ƙarfin gini, ya kwafi bayanan ƙasa daga misalin da ya zo da ita, ya kawo hotuna masu launi yana murmushi. Na san wannan rami sarai, domin a nawa digirin na biyu na ɗora gini a lissafi kamar kan dutse yake, alhali filin fadama ne, kuma da mai jarrabawa daga waje ya tambaye ni rahoton gwajin ƙasa, sai da na sake aikin tun daga harsashi. Ƙasa mai laushi tana ninka girgiza. A 1985 cibiyar girgizar tana da nisan sama da kilomita 300 daga birnin Meziko, amma tsohon kwarin tafkin da birnin ke kai ya rusa benaye masu yawa. Fadamar Argungu da duwatsun Kwatarkwashi ba za su amsa motsi iri ɗaya ba. Shi ya sa ba na duba allon kwamfutar kowa sai ya fara kawo mini takarda da ya lissafa da hannunsa: jimillar nauyin ginin, da lokacin lilonsa, wato tsawon lokacin da ginin ke ɗauka ya karkata ya dawo sau ɗaya, wanda a ƙiyasi yake kusan daƙiƙa 0.1 ga kowane hawa. Idan takarda da kwamfuta suka yi hannun riga, ya koma ya duba abin da ya shigar.

Wani babban kuskuren kuma shi ne ƙyamar zuwa wurin gini. Mutum yana neman zama malamin jami'a, amma bai taɓa tsayawa kan mai lanƙwasa rodi ba! Bai san cewa ringin (siririn rodin da ke ɗaure manyan roduna a ginshiƙi) da aka lanƙwasa bakinsa digiri 90 yana buɗewa da zarar kankare ya fara tsagewa ba, shi ya sa ake son digiri 135, a kuma matse tazarar ringi kusa da mahaɗar ginshiƙi da bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai. Bai ga lebura yana ƙara wa kwaɓi ruwa don ya yi saurin zuba ba. Bai lura da benayen kasuwa da ƙasansu duk ƙofofin shaguna ne, samansu kuma cike da bulo ba, irin ginin da ya durƙushe da yawa a Turkiyya a Fabrairun 2023. A Maroko kuwa, a Satumbar shekarar, mutane kusan 3,000 suka rasu, akasarinsu a ƙauyukan gidajen laka da dutse. Gidajen jama'armu da su suka fi kama, amma da wuya ka ga ɗalibi ya zaɓi bangon laka a matsayin batun bincike.

Sauran ƙanana ne. Kada a cakuɗa BS 8110, ƙa'idar ginin kankare ta Birtaniya, da Eurocode 8, ƙa'idar Turai ta ginin da zai jure girgizar ƙasa, a lissafi ɗaya, domin abokin tafiyar Eurocode 8 shi ne Eurocode 2, ƙa'idar Turai ta ginin kankare. Sakamakon gwajin kankare na kwana 7 ba ya maye gurbin na kwana 28. Mujallar da ta karɓi maƙala cikin mako guda bayan an biya kuɗi ba za ta taimaka a gaban kwamitin ƙarin girma ba. Rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, kuma a neme ta da zarar an cika sharuɗɗa, tun kafin aikin koyarwa ya cinye lokacin.